Kwalin haɗi, gangar faiba ko zanen gini: da wanne zan fara samfurin Bismarck?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu sha'awar wannan aiki. Ina zaune a Agege, kuma kusan shekara biyu ke nan ina haɗa ƙananan samfuran jiragen ruwa da daddare bayan na rufe shago. Na ƙarshe da na kammala ƙaramin jirgin rakiya ne na roba a ma'aunin 1:700, wato an rage girman jirgin gaske sau 700, wanda tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Yanzu kuma zuciyata ta karkata ga babban jirgin yaƙi, wato Bismarck na Jamus, wanda aka nutsar ranar 27 ga Mayu, 1941. Ɗana mai shekara goma sha biyu ne ya fara sa mini son jirgin, kuma ina so mu yi aikin tare da shi.

Ga inda na tsaya. Ƙanena zai zo daga Ingila bayan Sallah, ya kuma yi mini alkawarin ware mini wuri a cikin kayansa, don haka dama ɗaya gare ni, domin kuɗin aiko da babban kwali ta jirgi da abin da za a biya a kwastan sun fi ƙarfina. Na ga hanyoyi uku. Ta farko ita ce in sayi cikakken kwalin haɗi, wato kwali mai ɗauke da dukan gutsattsarin jirgin da za a harhaɗa, na kamfanin Trumpeter a ma'aunin 1:200, wanda girmansa ya burge ni ƙwarai. Ta biyu ita ce in tsaya kan ma'aunin 1:350 na Tamiya ko Revell. Ta uku kuwa ita ce in sayi gangar jirgin kaɗai, wato ƙoƙon jikinsa da ke zama a kan ruwa, da aka zuba da faiba, tare da zanen gini, sauran kuma in ƙera da hannuna a nan gida.

Ba zan ɓoye muku ba, ina da burin wata rana in ga jirgin yana tafiya a kan ruwa ana sarrafa shi da rimot, ko da yake ban taɓa haɗa injin lantarki a cikin samfuri ba. Ɗaki biyu gare ni, teburin aikina kuma shi ne wanda yara ke karatu a kai. Waɗanda suka riga ni a wannan fage, don Allah ku ba ni shawara a kan wadda ta fi dacewa da mai irin halina.

Tsohon Ma'aikacin Tasha, Apapa, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka zaɓi kamfani, ka ɗauko tef ɗin awo ka shimfiɗa shi a kan teburin nan da ka ambata. Tsawon Bismarck mita 251 ne, faɗinsa mita 36. A ma'aunin 1:200 samfurin zai kai santimita 125 da ɗoriya, faɗinsa 18, alhali a 1:350 tsawonsa zai tsaya kusan santimita 72. Kwalin na 1:200 dole ya fi gangar jirgin tsawo, wanda ke nufin ba zai shiga akwatin tafiya na yau da kullum ba, ƙanenka kuma zai iya samun kansa yana biyan kuɗin kaya mai wuce ƙa'ida a filin jirgi. Bayan haka akwai maganar ajiya, domin a Legas samfurin da ba shi da akwatin gilashi ƙura da laima za su cinye kyansa cikin damina biyu, akwatin jirgi mai mita ɗaya da kwata kuwa kusan kabad ne sukutum. Gutsattsarin da ke cikin wannan kwali sun haura dubu ɗaya nesa, kuma aikin watanni ne masu yawa a kan teburin da za a riƙa kwashewa kowace yamma saboda karatun yara.

Shawarata ita ce 1:350. Na Tamiya tsohon zubi ne, tun ƙarshen shekarun 1970 yake kasuwa, gutsattsarinsa ba su da yawa kuma suna shiga juna ba tare da gardama ba, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da uba da ɗan da za su yi aiki tare. Na Revell ya fi shi sabunta, ya kuma fi shi ƙananan siffofi, amma yana neman haƙuri da sanfefa. Kowanne ka ɗauka, ka haɗa da fallen tagulla mai siririn yanka, irin wanda Eduard da wasu kamfanoni ke yi, musamman na shingen gefen jirgi da matakala da ragar rada, domin waɗannan su ne abubuwan da roba ba ta iya fitarwa da sirantarsu ta gaskiya. Ba sai ka sayi babban saiti mai tsada ba. Shingen gefe kaɗai yana canza kamannin jirgi fiye da yadda mutum zai zata, kuma hantsaki mai kyau da gam mai saurin kamawa sun ishe ka ɗora shi.

Abu na biyu, wanda nake ganin ya fi zaɓen kamfani muhimmanci, shi ne ka yanke shawarar ranar da kake so jirginka ya wakilta. Babban jirgin yaƙi ba ya zama da kama ɗaya tsawon rayuwarsa. Bismarck ya yi atisaye a tekun Baltik da zane-zanen baƙi da fari a jikinsa na ɓad da kama, amma da ya tsaya kusa da Bergen a ƙasar Norway ranar 21 ga Mayu, 1941, an shafe ratsin da fenti ruwan toka kafin ya fita tekun Atlantika. Saboda haka wanda ya yi masa ratsin nan sannan ya rubuta a ƙasa cewa haka yake ranar da ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Hood, wato 24 ga Mayu, ya haɗa rana biyu a jirgi ɗaya. Sa'arka ita ce rayuwar Bismarck gajeruwa ce, bambancin ba shi da yawa. Da Yamato na Japan ka zaɓa, da sai ka tantance ko kana nufin kafin 1944, lokacin da yake da ƙarin ɗakunan igwa a gefe biyu, ko bayan an cire su an cika wurin da bindigogin harbo jirgin sama. Missouri na Amurka ma haka ne: wanda aka sa hannu kan miƙa wuyan Japan a kansa ranar 2 ga Satumba, 1945, ya sha bamban da wanda aka sake fito da shi a shekarun 1980 ɗauke da makamai masu linzami. Ka karanta shekarar da aka rubuta a jikin kwali kafin a biya kuɗi.

Ka kuma gaya wa ƙanenka kada ya sa ruwan gam na roba ko fenti mai sinadari a cikin kayansa, domin abubuwa ne masu kama wuta, kamfanonin jiragen sama ba sa yarda da su. Waɗannan ka fara neman madadinsu a nan tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafinta na Idi-Araba ya amsa:

Alhaji na Apapa ya yi magana mai ma'ana, kuma a kan girman kwali ban da abin cewa. Amma ina so in tsaya a kan hanya ta uku, domin a ganina an tsallake ta da sauri, kuma ita ce nake bi.

Gangar faiba da ake sayarwa a Ingila, irin ta kamfanonin Deans Marine da Fleetscale, ƙoƙo ne kawai mara komai a ciki. Ba ta ɗauke maka aikin daɓen jirgi, da ɗakunan igwa, da bututun hayaƙi, da hasumiyar matuƙa ba, waɗanda su ne kashi mafi yawa na wahalar. Kuma ita ce mafi girma da wuyar ɗaukowa a cikin dukan kayan. Na taɓa sa aka aiko mini da wata, ta iso da tsagewa a goshinta, gefenta ɗaya kuma ya ɗan lanƙwashe saboda zafi da nauyin kayan da aka ɗora mata a hanya, sai da na yi mako uku ina gyara kafin ta miƙe. Tun daga ranar na fahimci cewa abin da ya fi tsada wajen ɗauko shi, shi ne kuma abin da muka fi kowa iya yi a nan. Katakon obeche, wanda Yarabawa ke kira arere, itacen dazukan Afirka ta Yamma ne, mara nauyi, mai sauƙin sassaƙa, kuma masu wannan aiki a Turai sayensa suke yi daga ƙasashenmu a yanka musu shi siri-siri. Mu kuwa muna iya samunsa a kasuwar katako ta Mushin. Sharaɗi ɗaya ne: ka tabbata ya bushe sarai, ka jingine shi a inuwa makonni kafin ka taɓa shi, ka kuma shafa masa maganin ƙwari, domin ƙwarin katako suna sonsa, laima kuma tana sa masa shuɗin tabo.

Abin da ya kamata ƙanenka ya kawo maka shi ne zane mai kyau, wanda nauyinsa bai wuce na jarida ba. A nan sai ka yi hattara, domin ba kowane zane ne ke gina ganga ba. Akasarin abin da ake samu a intanet hoton jirgi ne daga gefe da kuma daga sama, wanda zai nuna maka inda igwa da bututu suke, amma ba zai gaya maka yadda cikin jirgi ya kumbura ko ya tsuke a ƙarƙashin ruwa ba. Wanda kake bukata shi ne zanen layukan ganga, mai fuska uku: ta gefe, ta sama, da kuma wadda ke nuna jirgin kamar an yayyanka shi gunduwa-gunduwa daga goshi zuwa baya. Wannan ta ukun ita ce ke ba ka siffar kowane haƙarƙari. Idan zane ba shi da ita, kada ka saya ko nawa ne kuɗinsa. Gidan tarihin harkokin teku da ke Greenwich a Landan yana ajiye da ainihin zane-zanen jiragen rundunar ruwan Birtaniya, kuma yana sayar da kwafinsu, sai dai an yi su ne don magina jirgin gaske, don haka mai farawa zai fi jin daɗin zanen da aka sake tsarawa musamman don masu samfuri.

Hanyar ginin iri biyu ce. Ko dai ka yanka haƙarƙarin daga filawud ka jera su a kan ƙashin baya, sannan ka rufe su da siraran katako ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ka yanka alluna bisa siffar jirgin a kowane mataki na zurfi, ka fafe tsakiyarsu, ka ɗora su a kan juna da gam, ka sassaƙe matakalar da ta fito har jikin ya yi sumul. Ta biyun ta fi sauƙi ga wanda bai saba ba. Bayan an gama, sai a lulluɓe gangar da siririn ƙyallen faiba da ruwansa, irin wanda masu gyaran bamba ta mota ke amfani da shi, daga nan ruwa ba shi da hanyar shiga.

Idan za ka buga zanen, masu manyan injinan buga taswirar gini a Shomolu ko Yaba za su yi maka, amma ka tafi da rula ka auna layin ma'aunin da ke jikin takardar kafin ka bar shagon, a tsaye da kuma a kwance, domin injin yakan ja takarda ya ƙara ko ya rage wasu milimita. Takardar A0 tsawonta santimita 118.9 ne, Bismarck a 1:200 ya fi ta tsawo, sai dai a buga shi a kan takardar naɗi. Shi ya sa ma nake ba ka shawara, in har katako za ka bi, ka fara da Dreadnought, jirgin yaƙin Birtaniya na 1906. Tsawonsa kusan mita 160 ne, a ma'aunin 1:144 zai ba ka santimita 111, ya shiga takarda ɗaya. Ɗakunan igwarsa biyar ne masu kama da juna, ginin samansa kaɗan ne, kuma ba shi da tarin ƙananan bindigogin harbo jirgin sama da ke gajiyar da mutum a jiragen Yaƙin Duniya na Biyu.

Malamar Fiziks, Obalende, ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni zan taɓa maganar ruwa ce kawai, domin Malam ya ambace ta a ƙarshen tambayarsa kamar ƙari, alhali ita ce ke yanke hukunci a kan duk sauran.

Idan an rage tsawon jirgi sau 200, nauyin da zai iya ɗauka ba sau 200 yake raguwa ba, sau 200 ne a ninka da 200 a sake ninkawa da 200, wato sau miliyan takwas, domin tsawo da faɗi da zurfi duk sun ragu tare. Bismarck da cikakken kaya ya kai kimanin tan 50,000. Idan ka raba, samfurin 1:200 zai zauna daidai layin ruwansa ne idan nauyinsa gaba ɗaya ya kai kilo shida da 'yan kai. A 1:350 kuwa abin da ya rage maka bai fi kilo ɗaya da gram ɗari biyu ba, kuma a cikinsa ne za ka cire nauyin robar kanta, da batir, da injuna, da na'urar karɓar saƙon rimot, da dalmar da za ta zauna a ƙasa don kada ya kife. Ana iya yi, akwai masu yi, amma zurfin jirgin a cikin ruwa bai kai santimita uku ba, iska kaɗan ko 'yar igiyar ruwa za ta watsa masa ruwa a kan daɓe. Dreadnought ɗin da Malam kafinta ya kawo, mai kimanin tan 18,000, zai ba ka wajen kilo shida a 1:144, wato daidai da Bismarck na 1:200, a ganga mafi gajarta. A ɗaya gefen kuma, Bismarck a 1:96 zai wuce mita biyu da rabi, nauyinsa ya haura kilo hamsin, mutum ɗaya ba zai sauke shi daga bene ba.

Gudu ma yana da nasa lissafi, kuma da yawa suna kuskure a nan suna sa injin da ya fi ƙarfin jirgi. Gudun da zai sa igiyar ruwan samfuri ta yi kama da ta jirgin gaske ana samunsa ne ta raba gudun asali da tushen murabba'in ma'auni, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin. Bismarck yana yin kusan kilomita 56 a awa, tushen 200 kuma ya ɗan haura 14, don haka samfurin bai kamata ya wuce kilomita huɗu a awa ba, wato tafiyar mutum a ƙafa. Ƙananan injunan lantarki sun isa. Ka dai tuna farfela uku gare shi da allon karkatarwa biyu, kuma kowace farfela rami ce a jikin ganga da dole a toshe ta da bututu mai giris.

Abin da ya sa na ce hukuncin yana nan shi ne, jirgin ado da jirgin ruwa ba gini ɗaya ba ne. Na ruwa sai an bar masa daɓe mai buɗuwa don canza batir, ana ɗaukarsa ana saukewa, siririn shingen tagullar da Alhaji ya yaba kuwa ba ya jure hannu. Sannan ka tambayi kanka inda za ka sa shi. Ruwan lagun yana da gishiri a wasu watanni, yana cin tagulla da wayoyi, ga ciyawar ruwa da leda da ke naɗe farfela. Wurin ninƙaya ko wani tafki mai tsabta da aka ba ka izini shi ne ya dace, kuma gara ka same shi tun kafin ka huda ganga.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na auna teburin kamar yadda Baba na Apapa ya ce, tsawonsa santimita 110 ne, don haka maganar 1:200 ta mutu da kanta. Lissafin Malama kuma ya nuna mini cewa buri biyu na haɗa a jirgi ɗaya. Abin da na tsayar shi ne ƙanena ya kawo mini Bismarck na Tamiya a 1:350 da fallen shingen gefe, mu gina shi da yaron a matsayin na ado, da fentin ranar 24 ga Mayu. A cikin kwalin kuma zai sa mini zanen Dreadnought mai layukan ganga, in sayi obeche tun yanzu ya riƙa bushewa, in Allah ya kai mu rani in nemi Malam kafinta ya duba mini yankan farko.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma daga yaron ta fito. Ya ce me ya sa duk jiragen da muke magana na wasu ƙasashe ne, shin Nijeriya ba ta da babban jirgin yaƙin da za a yi samfurinsa?

Tsohon Ma'aikacin Tasha, Apapa, ya sake amsawa:

Ka gaishe mini da yaron, tambayarsa ta yi kyau. Nijeriya ba ta taɓa mallakar jirgi irin ajin Bismarck ba, domin zamanin waɗannan manya masu kaurin sulke da manyan igwa ya shuɗe tun kafin rundunar ruwanmu ta yi ƙarfi. Amma muna da NNS Aradu, wanda sunansa ma kalmar Hausa ce, kuma ya daɗe yana matsayin jagoran jiragen rundunar. Abin da zai ba yaron sha'awa shi ne, kamfanin Blohm & Voss na birnin Hamburg da ya gina Bismarck, shi ne ya gina Aradu bayan kimanin shekara arba'in, aka kuma shigar da shi aiki a 1982. A 2005 ya je Ingila ya shiga jerin jiragen da suka halarci bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar.

Tsawonsa kusan mita 125 ne, wato rabin Bismarck, don haka a 1:144 zai ba ka kimanin santimita 87, ya zauna a teburinka da sauran wuri. Shi irin ƙirar da ake kira MEKO 360 ne, kuma rundunar ruwan Ajantina ta sayi guda huɗu daga wannan ƙira, saboda haka idan za ka nemi zanen ganga, ka nema da sunan ƙirar, ba da sunan Aradu kaɗai ba. Ginin samansu ba daidai yake da namu ba, sai ka gyara shi da hotunan Aradu da rundunar da jaridu suka riga suka wallafa. Kada sha'awa ta kai ka ɗaukar hoto a bakin sansanin sojan ruwa a nan Apapa ko a tashar gyaran jiragensu ta Victoria Island ba tare da izini ba, wurare ne na tsaro.

Idan za ka sayi obeche, ka sayi wanda zai isa ganga biyu, ka ajiye rabi a saman kabad inda iska ke ratsawa, ka sa 'yan sanduna a tsakanin allunan don kada su kwanta a kan juna.